Batirin da Yaya Ta Ƙulle a Bakin Zane

Daga Allah muke, wurinshi za mu koma, wanga kowa ya sani. Yayata ta koma cikin daminar bana, a ɗakinta na Zurmi, ina zaune a kanta. Allah shi jiƙanta. Ba kuka ya sa na ɗauki biro ba, kukana na yi shi na gama. Wata magana ce na ji wurin zaman makoki ta tsaya mini a wuya.

Gida ya cika ranar. 'Yan Ƙaura sun zo, 'yan Shinkafi sun zo, har dangin uwarmu na Jangeru sunka biyo motar kasuwa. Da farko kowa "ya haƙuri, ya haƙuri". Da anka ci tuwo anka sha fura, sai baki ya saki. Ƙanwar mijin Yaya ce ta fara.

"Allah dai shi gafarta mata, amma ƙarshen nan ta yi wuyar sha'ani. Na taso tun daga Ƙaura da wagga hanya na zo dubiya, ina ta magana ta zuba mini ido. Ga injin jin maganar nan ajiye cikin kumbo, ta ƙi sawa a kunne."

Wata ta ce, "Ai ita ce ɗanta ya sawo mata sabo dal ta mayar mishi."

Wata ta ce tsufa ne, a yi mata uzuri.

Na ji su. Kunnena ya fara nauyi, amma ƙanwar mijin Yaya ba ta taɓa iya magana a hankali ba. Ban tanka ba don gawa ba ta daɗe da fita ba. Yanzu zan tanka. Da furfurata na shiga makarantar manya na koyi boko, rubutuna karkatacce ne amma ana karanta shi. Ba na son uzurin kowa a kan Yaya. Ba tsufa ba ne, ba girman kai ba ne.

Duk unguwarmu an san aikinta. In mace ta kai gargara, Yaya ake aikawa a kira. Babanmu malami ne, shi ya koya mata yadda ake yi. Ki zauna kusa da kan mai ciwo, ki faɗi kalmar shahada a hankali inda za ta ji. Kada ki ce mata "faɗi", kada ki matsa mata. In ta faɗa, ki yi shiru. Ba ki sakewa sai in ta yi wata maganar duniya, don ana so kalmar ta zama ita ce ta ƙarshe a bakinta. To mai wanga aiki da mi take aiki? Da kunne. Mai fitar rai ba ta ɗaga murya. Leɓe ne ke motsi, da 'yar iska.

Kunnen Yaya na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Ta ɓoye, munka taya ta ɓoyewa. Har ranar da anka kira ta kan wata tsohuwa mai sai da daddawa. Tsohuwar ta faɗi kalma, duk ɗakin an ji, Yaya ba ta ji ba. Ta yi ta maimaitawa, har baiwar Allah ta buɗe ido ta ce, "Na faɗa mana, ki ƙyale ni." Sai da anka koma daga farko. Allah ya sa ta samu ta sake faɗa kafin ta cika. Yaya ta dawo gida ta juya fuska ga bango. Daga nan aike ya ɗauke. Ba wanda ya ce mata komai, sai dai ta ga an wuce da makara.

Babban ɗanta, wanda ke aikin gwamnati a Ƙaura, shi ya kai ta asibiti Sakkwato, na raka su. Ɗan fari ne, ba ta kama sunanshi, "wancan na Ƙaura" take ce mishi. Anka auna kunnen. Na hagu sunka ce ya yi nisa, Yaya ta ce, "Wanga ya riga ni tahiya, ku bar shi." Na dama sunka ɗura mishi wani abu mai laushi awa ƙullu, ya daskare, sunka zaro shi da siffar ramin kunnenta. Da shi anka yi mata roba tata ta kanta.

Bari in faɗi yadda abin yake don waɗanda ke ganin duk ɗaya ne. Akwai inji, shi ke maƙale bayan kunne, bai fi ƙwanson gyaɗa ba. Akwai robar da ke zama cikin kunne. Akwai 'yar siririyar mesa da ta haɗa su. Sai batir, ɗan mitsitsi awa ƙwayar magani, da 'yar takarda manne a bayanshi. Likitan ya ce injin an saita shi daidai raunin kunnenta, robar ba ta shiga kunnen kowa daidai sai nata, batir kuma sai mai takarda ruwan goro. Lamba goma sha uku ce a jikin kwalin. Ni ke karanta lamba, ita kala ta riƙe.

Ranar da munka dawo Zurmi, ko zanen tafiya ba mu sauya ba ta shimfiɗa tabarma.

"Kwanta."

"In yi mi?"

"Ki mutu."

"Yaya, bakinki dai."

"Kwanta na ce. Ki yi magana awa wadda ba ta da sauran ƙarfi."

Na kwanta. Ta ja hijabi, ta duƙo ta kawo kunnen dama dab da bakina. Na yi raɗa na ce tuwonta na jiya bai nuna ba. Ta ɗago ta ce, "Ke ce kika ci malmala biyu." Sai ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Tun daga ranar, duk abin da za ya shiga kunnenta, mesa ce ko batir, sai na kwanta na mutu an gwada shi. Na mutu a wagga tabarma ya fi a ƙirga.

Ba ta jira an aiko ba. Da ta ji wata na jin jiki a maƙwabta, ta ɗauki carbinta ta tafi. Sunka ji kunyar hana ta. Ta zauna, ta yi aikinta, ta yi shiru daidai inda ake shiru. Aike ya dawo.

Yanzu maganar kyautar da ake yi mata gori. Gaskiya ne ɗanta ya sawo mata sabo, daga wani shago a Kano, cikin akwati mai ƙyalli. Ya zo da murnarshi.

"Inna, wanga ba ruwanshi da batir. Caji ake mishi."

"Da wace wutar?"

"Ai na sa miki sola."

"To. Ina robar?"

Ya buɗe mata wasu 'yan robobi a jere, ƙarama, matsakaiciya, babba, ya ce ta zaɓi wadda ta yi mata.

"Kunnena takalmi ne?"

Duk da haka ta gwada, don kada ya ce ta raina. Ta ce tana jin zakaran gidan liman, tana jin luguden maƙwabta awa bisa kanta ake yi, amma maganar wanda ke gabanta ta nutse ciki. Sannan ta dube ni, na san aikina na kwanta. Da ta ja hijabi ta duƙo, abin ya saki wani fito mai tsini har cikin haƙorina, don robar ba ta toshe kunnen ba, ƙara na zurarewa tana komawa cikin injin. Ta cire, ta mayar cikin akwatin, ta tura gabanshi.

"Allah shi yi maka albarka. Amma baiwar Allah na fama da Mala'ika, ni in zo in busa mata usur a kunne? Mayar musu."

Ya ji zafi, ba zan ɓoye ba. Ya ɗauke ƙafa wani lokaci. Ita ma ta san ta ɓata mishi, ta aika mishi da man shanu da kuka ta ce a gaya ma wancan na Ƙaura in yana son faranta mata, kwalin ruwan goro ya ishe ta. Ya dawo da kwalin. Wagga ita ce duk rigimar da ake ta yayatawa.

Haka ta yi da mai kemis. Mesar kan bushe in ta daɗe, ta yi ja, ta tsage. Ya ce ba sai an je Gusau ba, ya yanko mata daga robar ƙarin ruwa, ya dumama bakin ya tura. Ta shiga. Na kwanta na mutu. Yaya ta ce tana jina awa daga cikin rijiya. Ta ce mishi, "Ɗana, shiga daban, dacewa daban. Kaurinsu ba ɗaya ba." Ta jira mai zuwa Gusau, ta ba shi tsohuwar mesar a ƙulle cikin leda ta ce kada ya yarda sai an gwada su gefe da gefe.

In za ta yi alwala sai ta cire ta aza bisa murfin kumbo, ta shafi kunne, ta tsane shi da bakin zane kafin ta mayar. In tana jin haushin surutunki, sai alwala ta taso mata ba lokaci ba. Wanga kam ta yi shi, ni kaina an yi mini.

Ciwon ajali ya kama ta da faɗuwar damina. Hannunta ya fara rawa, ɓare 'yar takardar batir ya zama mata aiki. Surukarta, matar wancan na Ƙaura, ta zo jinya. Yarinyar kirki ce. Ta ga Yaya na fama, sai ta zauna ta ɓare takardun kwalin gaba ɗaya, ta jera su cikin kumbo tsaf don Inna ta riƙa ɗauka cikin sauƙi. Ba ta san batirin da iska yake aiki ba. Takardar nan ita ke toshe mishi hanci. Da an ɓare ya fara ci, ko an sa shi ko ba a sa ba. Na farko da na biyu sun yi aiki. Da anka zo kan sauran, anka tarar sun mutu cikin kumbo.

Yarinya ta yi ta kuka. Yaya ta ce, "Kada wanda ya gaya ma wancan. Hannuna ta ji tausai." Ba ta sake tada maganar ba. Da ba zan rubuta wanga ba, surukar ce da kanta ta ce in rubuta, don ta ji abin da ake faɗi a tsakar gida.

Lokacin hanya ta ɓaci. Wani wurin ruwa ya cinye, inda ruwa bai ci ba kun san su wa ke tsaye. Ɗanta ya yi iya ƙoƙarinshi. Anka fara samo batirin agogo daga kasuwar Shinkafi, girmansu ɗaya. Ya shiga cikin injin, inji ya yi magana, Yaya ta ce a bar shi a gani. Kafin azahar ya ɗauke tsakiyar zance, ba sallama. Sannan wani direba ya kawo kwali daga Gusau, na kunne ne kam, amma takardarshi ruwan ƙasa. Faɗinsu ɗaya da nata, sai dai ya fi siranta, in an sa shi yana kaɗawa ciki. Wani ya ce a naɗe takardar magi a cusa ta cike wurin. Yaya ta karanta bakinshi ta ce, "In kun karya mini ƙofar batir, wa za ya gyara a Zurmi?" Anka sake aikawa, anka zauna jira.

Da ɗaki ya rage daga ni sai ita, ta jawo hannuna ta aza bisa bakin zanenta, inda mata ke ƙulle goro. Na ji ɗan ƙulli mai tauri. Na kwance. Batir ne guda cikin 'yar leda, da takardarshi ruwan goro ba a taɓa ba. Ashe tun dawowarmu Sakkwato take ware guda, in sabon kwali ya zo ta musanya shi.

Na nuna mata kunne, na nuna ƙofa, wato ta sa mana, baƙi na zuwa.

"Baƙi mi za su ce? Sannu, ya jiki. Na haddace. In na ɓare shi don sannu, ya ƙare, ranar da nike son in ji ki fa?"

"Ki ji ni ina mi?"

Ta dubi bakina ta ce, "Kada ki mai da kanki sakarai. Wa za ya zauna a kaina in ba ke ba?"

Ta ƙulle abinta.

To kun ji zaman da ƙanwar mijinta ta tarar. Kuna tsammani daɗi take ji? Ba ta jin kiran salla, sai an taɓa ta. Ba ta jin ruwa bisa kwano, ita da ke son shi. Ɗiyarta da ke aure a Nijar ta bugo waya, hanya ta hana ta zuwa. Na ga hannun Yaya ya tafi bakin zane, ya tsaya can ya daɗe. Sannan ta janye shi, ta karɓi wayar, ta yi ta sa ma ɗiyarta albarka ba ta jin mi ake amsa mata, har ta miƙo mini. Wadda ta iya wanga, don ke da sannunki za ta kwance ƙullin?

Wata safiya da hantsi, ruwa ya ɗauke, ta kira ni ta ce, "Kwance ƙullin nan."

Na tsaya ina dubanta.

"Gaibu na Allah ne. Amma wanga numfashin na san shi, na sha jin shi a bakin mutane. Ɓare, ki bari ya sha iska tukuna, kada ki yi gaggawa."

Na ɓare. Na jira. Na goge robar, na duba mesar ba raɓa ciki, na sa mata. Ta rufe ido tana saurare, ta ce, "Indararon nan har yanzu ba a gyara shi ba."

Ranar ta ji kowa. Anka kira ɗiyarta, sunka yi magana har waya ta yi zafi. Ɗanta ya samu ya iso, ya durƙusa ya ce ta yafe mishi. Ta ce, "Kai za ka yafe mini akwatinka." Ta sa surukarta ta zauna kusa da ita ta ba ta kunu da hannunta, a gaban mijin. Ta ji kiran azahar ta amsa.

Washegari bayan la'asar numfashin ya sauya. Ni da surukar ne a ɗaki. Na zauna inda Yaya ke zama ma mutane, na duƙa wajen kunnen dama, na faɗi kalma a hankali yadda Baba ya ce. Na ga leɓenta ya motsa. Na kawo kunnena kusa, ban ji komai ba. Na sake faɗa. Leɓe ya motsa. Ban ji ba. Na buɗe baki zan sake, sai na ji yatsu biyu sun kama naman hannuna sun murɗe. Mintsini ne, irin wanda take yi mini tun muna yara in na yi surutu gaban baƙi.

Surukar ta yi raɗa da ƙarfi ta ce, "Inna Ƙarama, ta faɗa. Tun farko ta faɗa."

Da da ne, da na sha faɗa. Amma Yaya ta san in ta buɗe baki ta yi mini faɗa, faɗan ne za ya zama maganarta ta ƙarshe. Ta riƙe bakinta ta yi da hannu. Na yi shiru. Yatsun sunka saki a hankali. Wurin ya yi kwanaki yana mini zafi, ban shafa mishi komai ba.

Kwalin ruwan goro ya iso ranar sadakar uku. Ɗanta ya karɓa daga hannun direba, ya tsaya da shi tsakar gida bai san inda za ya aje ba. Ya zo ya sa mini a hannu. Shi da ƙannenshi sunka ce injin ma in riƙe, tunda an ga nawa kunnen.

Ƙanwar mijinta ta ce, "To ai shi ke nan, ki maƙala kawai, kin huta da tahiya."

Ba zan maƙala ba. Robar kunnen Yaya ce, tana cikin kumbo, can za ta zauna. Sakkwato zan tafi a auna ni, a ɗura mini nawa ƙullun, a duba ko injinta za ya saitu da kunnena. In bai yi ba su faɗa mini in nemi wanda ya yi. Ana ta ce mini hanya, ana ce mini shekaru. Akwai mata kwance a unguwar nan yanzu haka, kuma ba na son a sake mintsinina. Na riga na gaya ma surukar Yaya ta wanke tabarmar, ita za ta riƙa mutuwa.

Allah ka yi ma Yaya rahama, ka yalwata mata makwanci, ka sa kalmar da ta tsare da shirunta ta tsaya mata. Mu da munka rage ka ba mu wanda za ya zauna a kanmu, mai kunne.

Kwalin da ya zo a makare na buɗe shi na cire guda, yana ƙulle bakin zanena. In wata rana kunka zo dubiyata kunka ga na zuba muku ido, ku yi sannunku ku tashi.